Mai Kuɗi da Mai Kaya: Riƙon Amana a Cibiyar Nazarin 'Yan Asalin Ostireliya

Kafin ka ga komai a shafin intanet na cibiyar AIATSIS ta Ostireliya, gargaɗi ne zai fara tarbarka. Ana sanar da 'yan Aborijin da mutanen tsibiran mashigin Torres cewa a ciki za su iya cin karo da hotuna da muryoyi da sunayen mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. A yawancin al'ummominsu, idan mutum ya rasu akan daina ambaton sunansa na wani lokaci, har takwarorinsa ma sai an sauya musu abin kira. A tsakiyar ƙasar, wajen al'ummar Warlpiri da maƙwabtansu, Kumanjayi ake ce wa mai irin sunan mamacin har sai takunkumin ya ɗaga. Bahaushe ba zai ga baƙon abu sosai a nan ba, mu da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kuma yaron da ya ci sunan kakansa sai ya tashi a Abba ko Baffa. Abin lura shi ne hukumar gwamnati ce, mai cin kasafin kuɗin tarayya, take buɗe ƙofarta da neman afuwar masu kayan da ke hannunta. Daga wannan gargaɗin kaɗai ka san cewa wanda ke biyan kuɗin gidan daban, wanda ya mallaki abin da ke cikin gidan daban.

Cikakken sunanta da Hausa shi ne Cibiyar Ostireliya ta Nazarin Aborijin da Mutanen Tsibiran Mashigin Torres. Tana Kanbera, babban birnin ƙasar, a zirin ƙasar Acton da ya kutsa cikin tafkin birnin, kafaɗa da kafaɗa da gidan tarihi na ƙasa, a ginin da ta tare a 2001. Abin da ke taskarta ya haura miliyan ɗaya: kaset-kaset na waƙoƙi da hira, finafinai, hotuna, littattafan da masu bincike suka cika da hannu a daji, ƙamusoshi, zane-zane. Tana da maɗaba'arta, tana da sashen da ke taya mutane bin diddigin danginsu, tana kuma yin bincike da kanta. Mutanen da aka kafa ta dominsu, a ƙidayar 2021, sun ɗan haura 812,000, wato kashi 3.2 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Kuma kada kalmar 'yan asali ta rikita mai karatu da takardar shaidar ƙaramar hukuma irin tamu. A can ana nufin mutanen da suka yi dubban shekaru goma-goma a nahiyar kafin jiragen Ingila su sauke fursunoni a 1788, masu harsuna sama da 250, waɗanda binciken cibiyar na 2014 ya nuna kusan 120 ne kawai ake magana da su, kuma 13 ne kacal yara ke tashi da su yadda ya kamata.

Abin da nake son nunawa ɗaya ne. Doka ta shimfiɗa wa mai kuɗi hanya mai kwalta ta tuhumar wannan cibiya, daga ɗakin akanta har zauren majalisar dattawa. Mai kaya kuwa, hanyarsa burtali ce. Shekara sittin aka yi ana gyaran wa zai zauna a kujera, an kuma yi nasara. Batun wa za a amsa wa tambaya shi ne bai gama warwaruwa ba.

Asalin gidan ma da wannan karkata aka aza shi. A 1959 wani ɗan majalisar tarayya, W. C. Wentworth, ya rubuta wa gwamnatin Robert Menzies shawarar a kafa hukumar da za ta tattara harsuna da al'adun Aborijin. Hujjarsa ita ce abin yana gab da ɓacewa, a yi maza a naɗe kafin tsofaffin su ƙare. An yi taron masana a 1961 ƙarƙashin jagorancin masanin al'adu W. E. H. Stanner, a 1964 majalisa ta yi doka. Majalisar gudanarwar farko kujera 22 gare ta, furofesoshi da manyan ma'aikata da 'yan majalisa, babu ɗan Aborijin ko ɗaya. Ba abin mamaki ba ne a lokacin, domin sai a 1967 aka yi ƙuri'ar raba gardamar da ta cire sashen tsarin mulki mai hana lissafa su cikin yawan jama'ar ƙasa. Ma'ana an kafa gidan nazarinsu shekara uku kafin a yarda a ƙirga su. Tunanin da aka gina cibiyar a kai tunanin mai rabon gado ne: mai kaya yana kan gargara, a killace abin da zai bari.

Sai mai kayan ya ƙi mutuwa. A 1970 Phillip Roberts ya zama ɗan Aborijin na farko a majalisar gudanarwa. A 1974 wasu matasa shida suka watsa buɗaɗɗiyar wasiƙa da sunan Gaggafa da Hankaka, suna tambayar amfanin wa ake yin binciken, da dalilin da ya sa masana ke samun digiri da muƙami daga ilimin mutanen da ke kwana da yunwa, da kuma dalilin da zai hana al'ummomin kansu faɗin abin da suke so a bincika. Ɗaya daga cikin masu sa hannun, Bob Bellear, shi ne daga baya ya zama alƙali ɗan Aborijin na farko a ƙasar. Wasiƙar ta sami shugaban cibiyar na lokacin, Peter Ucko, da kunnen saurare, har ya dage cewa wanda zai gaje shi ya zama ɗan asali. Haka aka yi, Eric Willmot ya karɓa a 1981. Ken Colbung ya zama shugaban majalisar gudanarwa a 1984. Sannan a 1989 aka soke tsohuwar doka aka yi sabuwa, wadda ta ƙara sunan mutanen tsibiran Torres, ta rage kujeru daga 22 zuwa 9, ta kuma wajabta rinjayen 'yan asali. Marcia Langton ta jagoranci majalisar daga 1992, Mick Dodson ya riƙe ta daga 1999 har 2017.

To mu tsaya a kan kujerun nan tara, don a nan lissafin yake. Huɗu mambobin cibiyar ke zaɓa. Biyar minista ke naɗawa, shi ne kuma ke fitar da shugaba daga cikin taran. An tanadi wuri ga ɗan tsibiran Torres, domin su mutane ne daban, jinsin Melanesiya, mazauna tsibiran da ke tsakanin arewacin Ostireliya da Papua New Guinea, kuma ba sa son a haɗa su a buhu ɗaya da Aborijin. Majalisar gudanarwar ce ke tsara manufa, ita ke naɗa babban jami'in gudanarwa, shi kuma ya riƙe aikin yau da gobe da ma'aikatan da ke ƙarƙashin dokar aikin gwamnati ta 1999. A takarda abin ya yi kyau: gwamnati da masana sun raba, kuma ko ta wace ƙofa aka shigo, 'yan asali ne mafi yawa a tebur.

Amma su wa ne mambobin da ke zaɓen mutum huɗun? Ba al'ummomi ba ne. Yolngu ba su da ƙuri'a a matsayinsu na Yolngu, haka Noongar, haka Wiradjuri. Mambobi ɗaiɗaikun mutane ne, 'yan asali da waɗanda ba 'yan asali ba, da suka nuna sun yi aiki a fagen, suka nema aka karɓe su. Wa ke karɓarsu? Majalisar gudanarwar kanta. Majalisa ke tantance masu zaɓe, masu zaɓe su zaɓi kusan rabin majalisa. Ban ce ana maguɗi ba, ƙungiyoyin masana a duniya haka suke tafiya. Sai dai tsari ne da ya dace da ƙungiyar masana, aka ɗora shi a kan gidan da ke riƙe da asiran ɗaruruwan al'ummomi. Tsohuwar da ta fi kowa sanin waƙoƙin danginta a wani ƙauyen hamada, wadda muryarta ke cikin kaset goma a Kanbera, da wuya ta san ana wani zaɓe. Ɗalibin digiri na uku da ya rubuta kundi a kan waƙoƙinta shi ya fi kusa da akwatin ƙuri'a.

Su kuma biyar na minista, zamansu 'yan asali bai mai da su wakilan kowa ba. Doka ma ba ta ɗauke su wakilai ba. Da zarar mutum ya zauna, wajibinsa ga cibiyar yake, ba ga danginsa ba, kamar kowane darakta. Wannan yana da hikimarsa, domin kujera tara ba za ta ɗauki ɗaruruwan al'ummomi ba, kuma da za a ce kowa ya zo da buƙatar gidansu, da taron ya zama kasuwa. Amma sakamakon shi ne kalmar rinjayen 'yan asali tana faɗin ko su wane ne ke zaune, ba ta faɗin wa zai iya tashinsu. Wanda zai ƙi sabunta wa'adin mutum biyar daga cikin tara minista ne. Ba sai ya ɗaga waya ya ba da umarni ba. Kowa a tebur ya san lokacin da wa'adinsa zai cika.

Ta ɓangaren sama, babu wasa. Dokar gudanar da hukumomin tarayya ta 2013 ta ɗora wa majalisar gudanarwa alhakin komai. Kowace shekara sai ta fitar da tsarin aiki na shekara huɗu masu zuwa, da ma'aunin da za a gwada ta da shi. Sai ta kafa kwamitin binciken kuɗi mai 'yan waje a ciki. Babban mai binciken kuɗi na tarayya ya duba littattafanta, rahoton shekara ya je gaban majalisar dokoki, shugabanninta su zauna gaban kwamitin sanatoci lokacin bitar kasafi su amsa tambaya a kan kuɗin tafiye-tafiye da kwangila. Dokar ta zayyana wajiban kowane jami'i: kula da taka-tsantsan, aiki da gaskiya, hana amfani da muƙami ko bayanan ofis don ribar kai, da bayyana duk wata alaƙa da za ta iya karkatar da hukunci. Idan dala ɗari ta yi ɓatan dabo, akwai wanda aikinsa ne ya gano, akwai takardar da zai cika, akwai ranar da za a tambaye shi.

Idan waƙa ce ta faɗa kunnen da bai kamata ya ji ta ba fa? Babu mai binciken kuɗin da zai gane an yi asara. Da can akwai wata hukuma zaɓaɓɓiya ta 'yan asali, ATSIC, da ta fara aiki a 1990, wadda aƙalla take da bakin magana a matakin ƙasa. Gwamnatin John Howard ta rushe ta a 2005. Yunƙurin kafa majalisar ba da shawara ta 'yan asali a cikin tsarin mulki ya faɗi a ƙuri'ar 14 ga Oktoba 2023, inda kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a. Saboda haka a yau babu wani zaure na ƙasa baki ɗaya, wanda 'yan asali suka zaɓa, da zai iya kiran cibiyar ya ce zo ki yi bayani.

Abin da ya rage wa mai kaya a cikin doka shi ne sashe na 41 na dokar 1989, kuma a ganina ya fi duk sauran sassan nauyi. Abu biyu ya ce. Na farko, duk abin da aka ajiye a cibiyar bisa sharaɗin taƙaita gani, ba za a buɗe shi ba sai bisa wannan sharaɗi. Na biyu, cibiyar ba za ta fitar da bayani ba idan fitarwar ta saɓa wa ra'ayi ko abin da ke sosa ran 'yan asalin da abin ya shafa. Jimloli biyu, kowace da gaskiyarta, kuma sau da yawa suna karo da juna a kan tebur ɗaya.

Mu ƙaddara wata mata ce ta rubuto daga wani gari a arewacin ƙasar. An gaya mata wani Bature ya naɗi muryar kakarta a 1965, tana so 'ya'yanta su ji harshen daga bakin mai shi. Ma'aikaciyar taska ta duba, ga kaset ɗin, ga lambarsa. Sai ta jawo takardar ajiya, ta ga mai binciken ya rubuta cewa ba a kwafa sai da izininsa. Ya rasu tuntuni. Izinin ya koma hannun magadansa, waɗanda wataƙila ba su taɓa taka garin ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 1968 ma, ga tsofaffin naɗe-naɗe irin wannan, wanda ya danna maɓallin rikoda ta sani, ba wadda ta rera ba. A ce an samu magadan sun yarda. Sai a ga bayanin kaset ɗin ya nuna gefe ɗaya waƙar reno ce ta kakar, ɗaya gefen waƙar bikin maza ce da mace ba ta ji, har da ita ma'aikaciyar. Dole a nemo namiji ya saurara, a raba, a tuntuɓi dattawan wurin. Su wane ne dattawan? Gida biyu ne ke jayayya a kan wa ke da bakin magana a kan wannan yanki, kuma kowane ya san abin da ke cikin kaset ɗin zai iya zama hujja a kotu. Matar tana jira. Misali ne na kawo, amma kowane gaɓa a cikinsa abin yau da kullum ne a irin wannan taska.

Maganar kotu ba ƙari ba ce. Tun hukuncin Mabo na 3 ga Yuni 1992, wanda ya amince da haƙƙin gargajiya na 'yan asali a kan ƙasa, da dokar mallakar ƙasa ta gargajiya ta 1993, al'ummar da ke neman a amince da haƙƙinta a kan ƙasa sai ta tabbatar da cewa alaƙarta da wurin bisa al'ada ba ta yanke ba. Mutanen Yorta Yorta sun sha kaye har kotun ƙoli a 2002, bayan alƙalin farko ya fifita rubutun wani Bature makiyayi na ƙarni na 19 a kan shaidar bakin jikokin mutanen da ya rubuta labarinsu. Daga nan kowa ya gane cewa tsohuwar takarda a Kanbera tana iya zama filin gado. Wanda ke yanke wa zai ga fayil, da yaushe, yana taɓa rabon ƙasa ko bai yi niyya ba.

Shi kuma tsoron fallasa asiri yana da tarihi. A 1940 Charles Mountford ya zauna da mutanen Pitjantjatjara, dattawa suka nuna masa wurare da abubuwan ibada bisa amana. A 1976 ya buga su a littafi. Dattawan suka garzaya kotu a yankin Arewa, suka ce idan mata da yara da waɗanda ba a shigar da su cikin asirin ba suka ga wannan, tsarin zamansu zai rushe. Alƙali Muirhead ya hana sayar da littafin a yankin, bisa hujjar cin amanar sirri. Abin da ya ƙara ɗaure marubucin shi ne gargaɗin da ya sa da hannunsa a farkon littafin, wanda ya nuna ya san abin sirri ne. Wannan shari'a ta riga dokar 1989. Sai dai sashe na 41 bai faɗi su wane ne waɗanda abin ya shafa ba, bai kafa kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada ba. Ya bar nauyin a wuyan manufofin da majalisar gudanarwa ta rubuta, da hankalin ma'aikacin da ke bakin kanta. A nan ainihin mulkin gidan yake gudana, nesa da ɗakin taro, kuma shi ne ɓangaren da rahoton shekara ya fi kasa aunawa. Ana iya ƙirga buƙatu nawa aka amsa cikin kwana nawa. Ba a iya ƙirga sau nawa aka tambayi mutumin da ya dace.

Akwai wata matsala da dokar 2013 ta ɗauka da sauƙi, alhali a nan ba ta da sauƙi: bayyana alaƙa. An rubuta ƙa'idar ne da tunanin darakta mai hannun jari a kamfanin da ke neman kwangila, ya faɗa, ya fita daga ɗaki. To masana 'yan asali da suka kai matsayin zama a wannan majalisa ba su da yawa, kuma kowannensu ɗan wani gida ne, malami a wata jami'ar da ke haɗin gwiwa da cibiyar, mamba a wata hukumar ƙasa ta gargajiya. Idan ana maganar kayan danginsa, shi ya fi kowa sani a ɗakin, shi ne kuma ƙa'ida ta ce ya fita. A al'adarsu kuwa akasin haka ne: mutum ba ya magana a kan ƙasar da ba tasa ba, wanda ke da alaƙa shi ke da baki. Abin da dokar ofis ta kira dalilin yin shiru, shi dokar gida ta kira izinin magana. Ban ga yadda za a rubuta ƙa'ida ɗaya ta gamsar da duka biyun ba, sai dai a yi ta sasantawa shari'a bayan shari'a, a rubuta dalili a ajiye.

Kuɗi kuma nasu mulkin daban. Tun 1987 gwamnatin tarayya ke zaftare wani ɗan kaso daga kuɗin gudanarwar hukumominta kowace shekara da sunan tsimi. Babbar ma'aikata takan shanye, ƙaramar taska kuwa ma'aikaci take ragewa. Alhali kaset ba ya jiran kasafi. Masana adana sauti a ƙasar sun sa 2025 a matsayin shekarar da bayanta kwafe kaset mai maganaɗisu zai yi matuƙar wuya, saboda zaren na lalacewa, injinan kunnawa sun daina fitowa, masu gyaransu suna tsufa. Bitar da gwamnati ta sa aka yi wa cibiyar a 2014 ta kai ga gyaran doka a 2016, wanda ya sake fasalta ayyukanta ya kuma sa taskar a gaba, tare da ƙarin dalar Ostireliya miliyan 40 cikin shekara huɗu. An ji daɗi, amma a lura da darasin: majalisar gudanarwa tana iya tsara abin da ta ga ya fi muhimmanci, ikon aiwatarwa yana hannun wanda ke rubuta kasafi. A 2018 ma an ɗauke cibiyar daga ƙarƙashin ma'aikatar ilimi aka mai da ita ƙarƙashin ofishin firaminista, kusa da masu tsara manufofin da ya kamata bincikenta ya riƙa auna su. Kusanci da fada yana kawo kuɗi, yana kuma sa a riƙa tauna magana kafin a faɗe ta.

Wani abin dariya mai ciwo: shirin dawo da kayan tarihi daga ƙasashen waje, wanda ya fi komai ɗaga sunan cibiyar a 'yan shekarun nan, an fara shi ne da kuɗin da gwamnati ta ware don cikar shekara 250 da zuwan Kyaftin James Cook gaɓar gabas a 1770. Da kuɗin tunawa da wanda ya buɗe ƙofar kwasa aka fara kwaso kayan. A 2019 gidan tarihin jihar Illinois a Amurka ya maido abu 42 ga mutanen Aranda da Bardi Jawi, gidan tarihin Manchesta a Ingila ya amince ya maido 43 ga al'ummomi huɗu, a 2023 ya ƙara 174 ga mutanen Anindilyakwa. A Afrilun 2024 kwalejin Trinity ta Kambirij ta miƙa mashi huɗu da Cook da mutanensa suka ɗauka daga mutanen Gweagal a 1770. A wannan shirin cibiyar ta yi abin da na fi yaba mata: ba ta mai da kanta magajiya ba. Dillanci take yi, al'umma ce ke cewa wannan namu ne, muna so, ga inda za a ajiye. Wanda ya bi cece-kucen tagullan Benin, bayan gwamnatin Muhammadu Buhari ta ayyana a 2023 cewa Oba ne mai su, wasu a Turai suka fara gunaguni cewa su da gwamnati suka yi yarjejeniya, ya san wannan tambaya ta hukuma ko masu kaya ba ƙarama ba ce. Sai dai ya fi sauƙi ka ce wa Manchesta ta saki abin da ke hannunta da ka saki naka. Ma'aunin da cibiyar ke gwada gidajen tarihin waje da shi, al'ummomi suna da damar gwada taskarta da shi, kuma reshen da ta buɗe a Alice Springs a 2024, don kusanto da kayan ga mutanen tsakiyar ƙasar, amsa ce ga wannan matsin.

Ikonta ya ma wuce katangarta. Ƙa'idojin ɗa'ar bincike da ta fitar a 2020, waɗanda suka maye gurbin jagororin da ta yi amfani da su shekara ashirin, su ne jami'o'i da masu ba da tallafin bincike ke bi idan aikin ya shafi 'yan asali. Sun tsaya a kan cewa al'umma ce za ta yanke, 'yan asali su jagoranta, a ga amfanin aikin a ƙasa, a kuma ɗauki alhaki har bayan an gama. Tana da kwamitin da ke duba buƙatun masu bincike na waje. Ita ce mai rubuta ƙa'ida, ita ce mai dubawa, ita ma mai bincike ce da ke neman kwangila a kasuwa ɗaya da waɗanda take dubawa. Wannan ma abu ne da majalisar gudanarwa ya kamata ta riƙa sa wa ido, na bar shi a nan.

Inda duk zaren ya haɗu shi ne Ngurra, kalmar da ke nufin gida ko ƙasar mutum a harsuna da dama. A Janairun 2022 firaminista Scott Morrison ya sanar da dala miliyan 316.5 don gina wa cibiyar sabon mazauni a tsakiyar unguwar majalisa, tare da makwancin ƙasa na ƙasusuwan kakanni. Aka yi gasar zane. A watan Mayu gwamnati ta sauya. A Yunin 2024 minista Linda Burney, ita kanta 'yar Wiradjuri, ta sanar da cewa aikin ya koma Acton, inda cibiyar take. Duka sanarwar biyu daga bakin 'yan siyasa suka fito.

Makwancin an tsara shi ne don ƙasusuwan da aka kwashe a zamanin mulkin mallaka, aka kai ɗakunan gwaji da gidajen tarihi na Turai da Amurka, aka dawo da su ba tare da cikakken bayanin inda aka tono su ba. Wani akwatin abin da ke rubuce a jikinsa bai wuce sunan jiha ba, wani ma Ostireliya kawai aka sa. Wanda aka san garinsu akan mai da shi ga danginsa su binne. Waɗannan kuwa ba a san danginsu ba, don haka kalmar waɗanda abin ya shafa ba ta nuna kowa, ko kuma ta nuna kowa da kowa. Wa zai shiga ɗakin, wa zai yi musu hayaƙin tsarkakewa, ko a bar masana su ɗauki samfuri don gano asalinsu, duk sai an yanke, kuma a kan ƙasar mutanen Ngunnawal, wadda mutanen Ngambri ma ke cewa tasu ce. Da yawa daga cikinsu shekaru ke nan suna ajiye a ma'ajiyar gidan tarihi na ƙasa a Mitchell, unguwar masana'antu da ke arewacin Kanbera, tsakanin garejin gyaran mota da shagunan kayan gini.